Yadda Kwamfuta Ta Sauya wa Babana Uwa

Babban yayanmu ne ya kawo maganar taron zumunci. Ya ce dangi sun watse, wasu suna Kano, wasu Nguru, wasu har Legas, yara kuma suna gogar kafaɗa a kasuwar Haɗejiya ba su san jininsu ɗaya ba. Aka tsayar za a yi taron bayan an yanke shinkafa, kuma kafin nan a rubuta zuri'ar gidanmu gaba ɗaya, tun daga kakanmu da 'yan'uwansa har zuwa jariran da ke goye. Da aka zo kan wanda zai rubuta, sai aka ce ni, don ni ce malamar makaranta kuma ni ce mai laftof. Abin da na iya yi da ita a lokacin bai wuce buga tambayoyin jarrabawar 'yan ajina ba, amma na ji kunyar faɗa.

Maƙwabciyata ce ta ɗora ni a hanya. 'Yar Filato ce, mijinta malamin asibiti, ita kuma tana buga takardu a sakatariya. Katanga ɗaya ta raba mu, ni ina kiranta Madam, ita tana kirana Malama. Ta ce irin wannan aiki ba a yin sa kamar wasiƙa, a jadawali ake yi. Ta buɗe mini wata manhaja da duk fuskarta ƙananan akwatuna ne a jere, kamar ramukan dara. Ta yi mini layi uku a tsaye: na suna, na uba, na uwa. Kowane mutum kuma yana da layinsa a kwance. A can gefe ta haɗa wani lissafi da ke nuna yawan mutanen kowane gida, ta ce kada in taɓa wurin.

Na yi ta zubawa har damina ta yi nisa. Sunaye suna zuwa ta waya, wasu a rubuce, wasu a muryar tsofaffi da sai na saurara sau da yawa kafin in gane. Na bi tsarin da aka saba: yaran ɗaki ɗaya a jere, babba kafin ƙarami, in sun ƙare a shiga ɗaki na gaba. A can sama, wajen su kakanmu, akwai akwatuna da dama da na bari fayau, don babu mai rai da ya tuna sunayen iyayensu mata.

Wata ranar Asabar yayanmu ya biyo, ya leƙa, ya sa yatsa a kan allon.

"Wannan da wannan ai mutum ɗaya ce," ya ce. "Ƙanwar kaka. Na sama sunanta na yanka, na ƙasa laƙabinta. Ki cire ɗaya."

Bayan ya tafi na zauna cirewa. Na danna akwatin sunan, na danna madannin gogewa, rubutun ya tafi. Na yi wa na uba haka, na yi wa na uwa haka. Sai layin ya tsaya fari fat a tsakiyar mutane, kamar giɓi a baki. Na sake danna madannin, ba abin da ya motsa. Na danne shi na daɗe, shiru. Ni kuma wurin nake so ya rufe. Da lalube na danna gefen dama na linzamin kwamfutar a kan akwatin sunan, jerin kalmomi ya fito, a ciki akwai wata kalmar gogewar, iri ɗaya da wadda ke kan madanni. Na zaɓe ta. Wani ɗan tambari ya fito da tambaya da Turanci da zaɓi a ƙarƙashinta. Ban tsaya karantawa ba, na amsa masa da e. Nan take sunan da ke ƙasa ya hau ya cike wurin. Na ji daɗi, na yi wa akwatin uba haka, shi ma ya cike.

A daidai nan hadari ya taso daga gabas da iska mai ƙarfi. Ina da shanyar kuɓewa da attaruhu a tsakar gida. Na rufe laftof na fita a guje. Da na dawo kanta da la'asar, layin nan ya cika da suna da uba, akwatin uwa ne kawai fari, kuma fararen akwatunan uwa suna da yawa a wajen. Na adana aikin, na kashe.

Da na gama, na kai wani shago kusa da kasuwa aka buga mini a takarda. Yayanmu ya ce kafin a raba wa kowa, in kai wa Gwaggo a Guri in karanta mata. Gwaggo yayar babanmu ce, uba ɗaya. Kakanmu mata biyu ya yi. Gwaggo ita ce autar ɗakin farko, babanmu kuma ɗan farin ɗaki na biyu. Shi ya rasu tun ina budurwa, ita ce ta rage a manya, sai wani ƙaninsa da ke Nguru, wanda muke kira Baffa.

Ruwa bai gama janyewa ba a lokacin. Motar ta kai mu wani wuri ta tsaya, muka shiga kwale-kwale, mai tuƙi yana ratsawa da mu ta tsakanin kacala, ciyawar nan da ta cinye bakin kogi. Na sa takardun a leda na cusa cikin hijabi. A ɗaya gaɓar na hau babur.

Na samu Gwaggo a inuwar rumfa, ana bandar kifi a bayanta, hayaƙi yana shiga mana ido. Bayan gaisuwa da fura, na fara karatu. Wajen su kaka ta yi ta gyaɗa kai, wani lokaci ta ce ba ta sani ba, wani lokaci ta ba ni suna sannan ta ce a'a, wannan matar maƙwabci ce. Na karanto ɗakin farko har na zo kanta. Sai na karanto sunan babana, da na kakanmu, da sunan uwa. Ina faɗa na tsaya, don sunan mahaifiyar Gwaggo na karanta, ba na kakata ba.

Na ɗaga kai ina jiran ta gyara. Ba ta gyara ba.

"Allah Ya ji ƙan su," ta ce. "Ai a ɗakinmu ya tashi. Shimfiɗa ɗaya muka yi da shi."

"Gwaggo, amma wa ta haife shi?"

"Ke 'yar nan, ina ƙarama. Na dai buɗe ido na gan shi a bayan innarmu. Ci gaba."

Na ci gaba, amma hankalina ya rabu. Na tuna kakata, wadda na sani da idona. Ban taɓa jin ta kira sunan babana ba. In ya shigo gaishe ta, kai take kawarwa ta amsa a taƙaice. Duk mun ɗauka kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da. Yanzu ga takarda tana faɗin wani abu, ga Gwaggo ba ta musa ba. Na shiga tambayar kaina wa ya aiko mini da wannan bayani. Baffa ne? Wata tsohuwa ce a cikin muryoyin nan ta faɗa, ni kuma na rubuta ban lura ba? Ko abu ne da manya suka sani suka yi shiru?

Ina cikin wannan na iso kan 'ya'yan Gwaggo a takardar. Na karanto babban ɗanta, da sunan mijinta marigayi, da sunan uwa. Ta ɗaga hannu.

"Sake faɗa."

Na sake.

"Wancan yaron?" Ita ma ba ta kiran sunansa. "Da matar yayana? Mijina ne ya haihu da matar yayana, ni ina ina?"

Matan da ke wajen banda suka fashe da dariya. Gwaggo ba ta yi ba. Ta ce ita dai ta san ranar da ta yi naƙudarsa, ana ruwa, ɗakin yana yoyo. Na ba ta haƙuri, na ciro biro na gyara a takarda. Sauran 'ya'yanta duk daidai. Gida na gaba ma haka: na farko ba daidai ba, sauran daidai. Wasu ta kama, wasu ta wuce su, wasu kuma ta gyara abin da na tabbata daidai yake, don ta rikita jikoki biyu masu suna ɗaya. Kafin azahar na kasa bambance kuskuren takarda da mantuwar Gwaggo. Ta cika mini leda da kifi, ta ce in gaya wa injin nan ya ji tsoron Allah.

Da na dawo gida na buɗe laftof na gyara waɗanda na yi wa alama da biro, ɗaya bayan ɗaya. Na babana ne na bari yadda yake, don ban san me zan rubuta ba. Na kira yayanmu.

"Yaya, wace ce ta haifi Baba?"

Ya yi dariya, ya ce wace irin tambaya ce wannan. Na gaya masa abin da ya faru. Dariyar ta tsaya.

"To, ni dai abin da na tashi na ji ke nan," ya ce. "Amma ba a gabana aka yi ba. Kada ki yi wa kowa maganar tukuna."

Wannan amsa ta ƙara dagula ni. Na sauka ƙasan jadawalin don in ga ko akwai wani abin, sai na tarar da layi na ƙarshe babu suna, babu uba, sai uwa kaɗai: matar wani ɗan yayanmu da ke Auyo, wadda ɗanta ne ƙarami a duk zuri'ar. Na duba layin yaron, sunanta yana nan ma. Na ce ko ta sake haihuwa aka gaya mini na fara rubutawa na manta. Na kira ta.

"Gwaggo, yaron ko zama bai fara ba," ta ce, don ita ma haka take kirana, muryarta cike da mamaki. "Wa ya ce na haihu?"

Na ce babu komai, gaisuwa ce. Na tabbata har yau tana tunanin wani ne ya yi mata sharri.

Ranar Lahadi na jira Madam ta dawo daga coci ta ci abinci, sannan na ɗauki laftof na shiga wajenta. Muka zauna a baranda, tana tsinke zogale. Na zayyana mata komai, ban da zancen babana.

"Malama, ko ƙwayar cuta ce ta shiga?" ta ce. "Kin sa filas ɗin mai shago, ɗan abin nan na kwasar rubutu, a jikin laftof?"

Na ce na sa. Muka bar manhajar bincike ta yi ta zagaye, ba ta sami komai ba. Ta ce to a koma baya, akwai alamar kibiya da ke warware abin da aka yi. Ta danna, kibiyar ta yi fari ba ta amsa ba. Ta ce in an riga an adana an kashe, ba ta komawa. Ta tambaye ni ko ina da wani kwafi na da. Ban ma san ana ajiye kwafi ba.

Sai ta ce bari ta tace jadawalin, ya nuna mana layukan da ke da farin akwati kawai. Ta danna wani abu, mutane suka ɓace, saura 'yan kaɗan. Na matso kusa da allon.

"Madam, ina dangina?"

"Suna nan, ɓoye su na yi."

Ta ga farin akwatin uwa a gaban sunan autan su kakanmu, ta ce wataƙila shi ne ke kawo rikici, bari ta cire shi. Ta danna dama, ta zaɓi gogewa. Wannan karon tambayar da ta fito daban ce da wadda na gani a gida, gajeriya, ba zaɓi. Ta ce e. Tsohon ya tafi gaba ɗaya, da sunansa da ubansa. A gefe kuma, inda lissafinta yake, wani akwati ya rikiɗe ya koma #REF! da manyan haruffa.

"Wayyo," ta ce, ta ajiye tiren zogale. "Wannan kuma daga ina?"

"Ke za ki gaya mini."

"Ni akwati ɗaya na ce ya cire. Me ya kai shi ɗauke mutum?"

Allah Ya sa kibiyar ta amsa a wannan karon, tsohon ya dawo, lissafin ya koma daidai. Ta sake gwadawa, ya sake ɗauke shi, ta sake dawo da shi. Ta ce a ofis wasiƙu take bugawa, jadawali sai jefi-jefi, kuma ba ta taɓa ganin ya yi mata gardama haka ba. Muka zauna muna kallon allo. Mijinta ya fito zai tafi aiki, ya leƙa, ya ce a kashe a kunna. Muka kashe muka kunna. Ba abin da ya sauya.

Ni ce na ce mata tambayar da ta fito mini a gida ba irin wannan ba ce, tawa tana da zaɓi a jere. Ta juyo.

"Kin taɓa cire wani abu?"

Na ba ta labarin ƙanwar kaka da hadarin da ya taso. Ta ce in nuna mata yadda na yi, amma ba a kan dangi ba. Ta buɗe sabon shafi, ta rubuta kifi, gero, manja a layi ɗaya na tsaye, a gabansu ta rubuta kogi, gona, kwalba. Na danna dama a kan kifi, na zaɓi gogewa, ga tambarin nan da zaɓinsa. Muka karanta tare a hankali. Yana tambaya ne: in na cire wannan akwati, na ƙasa su matso sama, ko na dama su matso hagu, ko in cire layin kwance duka, ko na tsaye duka? Akwai ɗigo a kan na farko tun kafin mutum ya zaɓa. Na ce e. Kifi ya tafi, gero ya hau ya zauna a gaban kogi, manja a gaban gona, kwalba ta rage ita kaɗai a ƙasa.

Muka dubi juna. Na ce, "Matar Auyo ke nan."

Sai a lokacin na fara gani, shi ma ba duka ba. Na matso da sunaye da ubanni sama da taki ɗaya, na bar iyaye mata a inda suke. Kowa ya ɗauki uwar wanda ke samansa. Da yake 'yan ɗaki ɗaya a jere suke, uwar na sama ita ce taka, sai in kai ne na farko a ɗakinku. Shi ya sa 'yan fari kaɗai abin ya faɗa wa. Na lalubo layin babana a zuciyata, na ga wadda ke samansa Gwaggo ce. Na yi ajiyar zuciya har Madam ta tambaye ni lafiya.

Ta koma kan jadawalin, ta cire tacewar da ta sa, kowa ya bayyana. Ta ce ga alama in an tace, ba ya yarda a cire akwati ɗaya, sai layi sukutum. Dalilin haka ba ta sani ba, ni ma ban sani ba har yanzu. Kafin ta taɓa komai ta ajiye kwafi da wani suna. Sannan ta cire farin akwatin nan ta ce na ƙasa su matso sama. Uwar da ke ƙasa ita kaɗai ta shige wurinta. Sunan kakata ya dawo gaban sunan babana.

Muna cikin murna na gangara layin gidan Gwaggo a jadawalin don in tabbatar. Babban ɗanta daidai. Amma wanda ke samansa, autan yayanta, yanzu ya zama ɗan Gwaggo. Na ce inna lillahi, ya sake lalacewa. Madam ta ce ba zai yiwu ba, ta sake kallo, ta ce to ko sau biyu ta danna. Muka warware, muka sake, abu ɗaya. Mun daɗe a haka kafin in tuna gyaran da na yi da hannuna bayan dawowata daga Guri. Duk wanda na gyara a lokacin, gyaran ya hau sama tare da sauran, ya sauka a kan wanda ba shi da laifi. Da 'yan fari ne a rikice, yanzu 'yan auta ne, kuma ba duka ba, sai na gidajen da Gwaggo ta kama. Madam ta kwantar da kai a jikin bango tana dariya har da hawaye. Ni ban iya dariyar ba, kaina ya yi zafi.

Babu wata dabara da ta rage. Na ɗauko takardar da na yi wa alama da biro, ina karantawa tana dubawa, gida bayan gida, har aka kira la'asar na tashi na yi salla na dawo muka ƙarasa. Inda Gwaggo ta rikita jikoki, sai da na sake kiran iyayensu.

An yi taron a gidan yayanmu bayan an kai shinkafa gida. An shimfiɗa tabarmi har waje, maza a zaure da ƙofar gida, mata a ciki. Gwaggo ba ta iya zuwa ba saboda ƙafa. Aka raba takardu, kowa ya duƙufa neman sunansa, aka sami kurakurai na harafi da wata yarinya da aka manta. Da Baffa ya shigo cikin gida gaisawa da mata, na durƙusa na gaishe shi, na yi ƙasa da murya na tambaye shi abin da ke raina, don ko bayan gyaran maganar Gwaggo ba ta bar ni ba.

Ya ce innarsu ce ta haifi babanmu, babu shakka. Amma ta yi ciwon nono bayan haihuwar, sai uwargidan ta karɓe shi, ta haɗa shi da Gwaggo da ba a daɗe da yaye ta ba, ta shayar da shi, kuma bai koma ɗakin innarsu ba har ya girma. Ya ce shi kansa sai da ya yi wayo ya san cikinsu ɗaya.

Ya duba takardar da ke hannunsa, ya ce aikin ya yi kyau amma da saura. A ƙara layi na wadda ta shayar da na wadda ta riƙa, don akwai yara a dangin nan da ba za su auri juna ba saboda nono, kuma masu sanin haka suna ƙarewa. Matan da ke kusa suka ɗauka, kowace tana kawo nata: wane a hannun wance ya tashi, wance ta sha nonon wance. Wata ta ce ba haka ba ne, aka shiga musu. Yayanmu ya leƙo ya ce ai abu ne mai sauƙi, Malama za ta ƙara.

Na ce to. Na karɓi biro daga hannun wata ɗiyata, na juya bayan takardar, na fara rubuta abin da suke faɗa, mutum uku suna magana a lokaci ɗaya.